Amshin Kande

Har gobe ban manta da ranar da aka tura ni wani ƙauye bayan Makoɗa ɗaukar muryar Inna Dije Mai Ƙwarya ba. Lokacin ina ƙaramin mai ɗaukar murya a gidan rediyonmu. Ku yaran yanzu ba ku san ta ba, to da can ba gayyar noma ko bikin da ake yi a yankin nan ba ita, kaset ɗinta kuwa har a Dawanau dillalan hatsi ke rububinsa.

Shugaban sashenmu ya ce, "Tsufa ya kama ta, ba mu da waƙarta ko ɗaya mai kyau. Kada ka dawo hannu rabbana."

Na same ta ita kaɗai a tsakar gida, ana cikin kaka, kowa yana gona. Ta kife ƙwarya, ta ja baiti ɗaya, sai ta yi shiru tana kiɗa kawai. Ta ja wani, ta sake yin shiru. Na ce, "Inna, lafiya?"

Ta ce, "Ɗan nan, wurin 'yan amshi ne. Ni in ba da waƙa, su karɓa. Duk sun rigaye ni, sai Kande, ita ma tun da 'ya'yanta suka ɗauke ta zuwa Shanono ban ƙara jin duriyarta ba."

Na ce in kira 'yan matan maƙwabta? Ta ce wurin yana da masu shi. Na naɗi waƙar yadda take, na koma gidan rediyo.

Haka muka sa waƙar a shirin da masu sauraro ke bugo waya, da giɓinta da komai. Ana cikin haka sai ga wata tsohuwa a layi, ko sallama babu, ta kama amshi baiti bayan baiti, murya na rawa. Kande ce! Na yi maza na naɗe.

Ranar kasuwa na hau babur na kai wa Inna Dije. Ta kasa kunne har ƙarshe, ta ce, "Ji ta nan, kullum sai ta makara wajen shiga." Sannan ta ja gefen zane ta rufe fuska, ta ce in sake kunna mata.

Shi ya sa nake hana ku saurin yanke shirun da ke cikin waƙa a aikin nan. Ku fara tambayar mai waƙa wurin wane ne.