Mutumin da Ke Goyon Buhu

Wata rana, a wani gari na bakin kogi...

Sunan garin ya kwance mini, ku yi haƙuri. Na san ɗaurin aure ne ya kai ni, na san kuma an ba mu fura mai kyau. Sauran ya tafi, kamar yadda abubuwa suke tafiya mini yanzu.

Bayan la'asar na fita miƙe ƙafa, sai na iske samari a wani tsohon sito da rufinsa ya zube.

Su sheƙo da gudu, su dafa katanga, su haye. Wani ya diro daga sama, ya mirgina a ƙasa, ya miƙe yana kaɗe riga. Na tambayi sunan wasan, suka faɗa mini da Turanci. Shi ma ya tafi.

Ni kuwa tun ina yaro ba na iya wuce abu ban san dalilinsa ba. Na samu dutse na zauna.

A cikinsu akwai wani magidanci, furfura ta fara fito masa a gemu, ga tumbi irin na mai zaman shago. Shi ba ya dira, ba ya mirginawa.

Buhun gero ne a bayansa.

Ya ɗaure shi da zani, ya ƙara da majanyi, daidai yadda mata ke goya jariri.

Samarin ba su bar shi ya sha iska ba.

"Maijego, bi a hankali, kar yaro ya farka."

"Kawu Sallau, yaushe ne suna?"

Ya ce, "Ranar da ka haye katangar nan wandonka bai yage ba."

Ya kama katanga, ya kai ƙirji, ya zamo. Ya sake, ya zamo. Can dai ya samu ya ɗora gwiwa, ya haye, shi da buhunsa. Da ya zagayo sai ya zube kusa da ni yana haki.

Na ce, "Sannu, ɗana. Wannan goyon fa?"

Ya ce, "Baba Malam, nauyin Innata ne."

Ashe tela ne, ya yi shekara da shekaru a kan keken ɗinki. Mahaifiyarsa ƙafafunta sun daina ɗaukarta. Bara da kogi ya cika, ruwa ya toshe musu ƙofar gida, babu mafita sai ta katangar maƙwabcinsu mai bene. Ya ɗauke ta a hannu, ya zo gindin katanga, ya tsaya. Hannayen da zai hau da su, su ne ke riƙe da ita. Ƙarfin ma babu. Maƙwabta ne suka ji ihunsa suka ciro ta, ruwa ya kai masa ƙirji.

Tun daga nan yake zuwa wajen samarin. Su suka koya masa inda ake dafawa da inda ake sa ƙafa. Matarsa ta koya masa goyo, don hannuwansa su zauna a sake.

Na ce, "To ai ka kusa iyawa."

Ya girgiza kai.

"Buhu ba ya jin kunya, Baba Malam. Ni ne ɗan farinta. Ko sunana ba ta faɗa. Ta ce gara ruwa ya tafi da ita da a gan ta a bayana."

Ya ce mutum ba buhu ba ne, yana motsi, yana tsorata, dole su gwada tare kafin ranar da ruwa zai dawo. Ga shi hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Na daɗe ina karantar da haƙƙin iyaye, amma wannan tambaya ba a taɓa kawo mini ita ba. Ko na ba shi shawara, ko addu'a kawai na yi masa, ban tuna ba. Na tuna dai ya gyara majanyinsa ya koma katanga.

Darasi: Jikinka amana ne, kuma ba kai kaɗai ke da haƙƙi a kansa ba. Ranar tsanani, wani zai dogara da ƙafarka da bayanka. Ka motsa shi tun ana zaman lafiya, ka kuma shirya da wanda za ka ɗauka.

Ku tura wa wanda yake da tsoho a gida.

Abu ɗaya na tabbatar daga baya. Da damina ta wuce, mai masaukina ya kira ni, na tambaye shi labarin telan. Ya ce ruwa ya sake shiga unguwarsu, kuma a saman bene aka samu tsohuwar, ko zaninta bai jiƙe ba.

Wai tun farkon damina ta ga ɗanta yana ɗaura buhu a tsakar gida. Ta yi ta kallo, sannan ta ce wa surukarta, "Faɗa wa wancan, ɗaurin nan ko kaza ba zai riƙe ba. Ya ajiye buhun ya durƙuso."

Ta ja mayafi ta rufe fuskarta, ta hau bayansa, ta ɗaure majanyin da hannunta.