Mota a Bayan Keken Suruki

Ƙarfe bakwai da kwata na safe abin ya fara lalacewa, ranar da ba na mantawa da ita a duk aikina na lamba. Zamanin Turawa ne, ina ɗaliba mai koyon aikin asibiti, an turo ni ɗakin magani na Tambuwal. Agana ta ɓulla a ƙauyukan Kebbe. Da yake namiji ba ya shiga gidajen kulle, sai malamin asibiti ya ce ni zan je in yi wa mata da yara lamba, wato tsagar rigakafin agana.

Ku na yanzu kuna da firji. Mu a lokacin, kwalaben maganin a cikin ƙaramin tulu muke sa su, mu naɗe da tsumma, muna yayyafa ruwa. In tsumman ya bushe, zafi ya kashe maganin. Ko an tsaga hannun yaro ba zai kama ba. Malamin ya ba ni goran ruwa guda, ya ce lissafinsa ruwan zai kai ni Kebbe in ba a tsaya ba.

Direban motar En'e, wato hukumar gargajiya, da zai kai ni sunansa Ɗan'ige. Duk mai keke a ƙasar ya san shi. Ham ɗinsa na roba ne, tun daga nesa yake matsa shi yana ihu, "Kauce, mai dokin ƙarhe!" Masu keke kuwa sukan faɗa gona suna yi masa Allah ya isa.

Damina ce, hanya ba ta fi faɗin motar ba, dawa ta yi bango dama da hagu. Mun bar gari ke nan sai ga wani dattijo a gabanmu, kan keke, da fartanya ɗaure a baya. Ɗan'ige ya kai hannu ga ham, sai hannun ya tsaya. Ya rage gudu. Ya gyara hularsa.

Muka bi keken. Ni mutum ce mai nauyin baki, ko a aji ba na ɗaga hannu, don haka na daɗe ina tsara maganar a zuciya kafin in ce, "Malam Ɗan'ige, ko motar ta samu matsala?"

"Lahiyatta lau."

"To ko za a ɗan matsa ham?"

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "Malama, wanga uban matata na. Mi kika so in yi? In yi mai ihu? In watsa mai taɓo?"

Can na miƙa hannu a hankali wajen ham ɗin. Ya kwance robar, ya jefa a aljihu.

Dattijon bai waiwayo ba ko sau ɗaya. Sai ma ya duƙa, ya ƙara himma, rigarsa na cika da iska. In ya yi sauri, mu yi sauri. In ya gaji, mu ma mu gaji. A wani hawa, mai jaki da kayan itace ya tarar da mu, ya yi ta bin mu a baya yana tambaya ko gawa muka ɗauko.

Hantsi ya ɗaga. Na tsiyaye goran a kan tsumma, ɗigo biyu suka faɗo. Na taɓa tulun, ya fara ɗumi.

"Malam Ɗan'ige, maganin zai mutu."

"Allah shi kiyaye," in ji shi, gumi na zuba. "Amma ban iyawa."

Ban san lokacin da na buɗe ƙofa ba. Tafiyar ba ta kai ta karya ƙafa ba, na sauka, na tattare zanena, na sheƙa. Na wuce motar En'e da ƙafa, na cim ma keken, na riƙe shi ta wajen fartanyar. Dattijon ya sauko yana haki. Ɗan'ige kuwa tuni ya tsaya can nesa, ya tuɓe takalma, ya durƙusa yana gaida dawa don kunyar haɗa ido da surukinsa.

Ni na zama 'yar saƙo tsakaninsu. Na kai gaisuwa, na kawo amsa. Na roƙi dattijon ya shiga gona ya juya baya, don motar ta samu ta wuce. Ya ba ni ruwan butarsa na jiƙa tsumma. Mun isa Kebbe kafin azahar, bayan mako kuma na duba hannuwan yaran, lamba ta kama. Tun daga ranar, kafin in hau kowace mota da magani, sai na tambayi direba a wane gari ya yi aure.

Amma kafin in koma cikin motar, na durƙusa gefen dattijon na tambaye shi abin da ya dame ni tun safe.

"Baba, me ya hana ka ratse mu wuce?"

Ya share fuska da bakin rawani.

"Ɗiyata, ni gonata tana nan bayan gari, tun da sahe na wuce ta. In na tsaya, dole yaron ga shi sauko shi gaishe ni, shi makara ga aikin Gwamnati. Shi ya sa nika ta gudu, kada in ɓata muku lokaci."