Yadda Kyaftin Ilisha Ya Sauke Kakansa a Jidda

Duk Ikara babu wanda ya kai Ilisha yawan tayar da jirgin sama, babu kuma wanda ya kai shi yawan faɗowa da shi. Tashin kowa ya sani. Faɗowar kuwa daga shi sai matarsa Veronica.

Ilisha ɗan acaɓa ne, dogo siriri, mai dariya tun kafin ya gama ba da labari. Iyayensa manoma ne, 'yan coci. Ya taɓa sakandare, lissafi ya biyo shi da gudu, ya fito bai waiwaya ba. Tun yana ƙarami, idan ƙananan jiragen masu koyon tuƙi suka ratso daga Zariya, sai ya saki fartanya ya ɗaga kai har wuya ya ƙage. Babansa yakan ce, "Kai, dawar nan a ƙasa take!"

Zamanin soja ne, ana ta tsuke bakin aljihu. Kamfanin da wansa Timoti yake aiki a Kaduna ya rufe, Timoti ya dawo gida da wata tsohuwar kwamfuta da maigidansa ya bar masa. Ya kai wa Ilisha, wai ya riƙa buga katin biki da takardun coci. Shawara mai kyau, sai dai ba a haɗo da injin da ke fitar da takarda ba. Kwamfuta ta zauna a kan tebur, Veronica ta saƙa mata mayafi, ta zama kamar amaryar da ba ta girki. Rannan Ilisha yana lalube a cikin kwalin ya tsinci wasu faya-faya, ya zura, ya yi ta danne-danne. Ashe wasan tuƙin jirgin sama ne: sai ga gaban jirgi ya bayyana a gilashin kwamfutar, da agogunansa, da titi miƙaƙƙe, inji yana ƙugi kamar ƙudan zuma a cikin gwangwani. Tun daga ranar 'yan tasha suka sa masa Kyaftin.

Kyaftin kuwa yana da dokoki, kuma yana faɗar su ko ba a tambaye shi ba. Kada faifai ya kusanci lasifikar rediyo, maganaɗisun ciki yana shanye masa hankali. Idan wuta ta zo rabi, ƙwan fitila ya yi ja kamar garwashi, kada ka kunna, ka je ka yi wanka. Idan jirgi yana tafiya yana cijewa, to kwamfutar ce ta gaji, shiga ka rage mata gajimare da gine-gine. "Kamar babur ne," in ji shi, "in ya ƙi hawa tudu, sauke buhu ɗaya." Babbar doka kuwa ita ce ba a shan rake kusa da maɓallai. Wani ɗan Makarfi ya taɓa ɗiga ruwan rake a maɓallin hagu, jirgi ya wuni yana zagaye wuri guda kamar dokin matse rake, sai da Ilisha ya bi da gashin kaza ya goge. Yana kuma da ra'ayi mai tsauri: duk wanda ke juya hoton don ya kalli jirgin daga waje, wannan ɗan kallo ne, ba direba ba.

To amma akwai wata ɗabi'a da zamanin ya dasa wa kowane mai abin hawa. Mai ya yi wuya. Mutum sai ya wuni a layi ya dawo da tanki a bushe, 'yan bumburutu masu sayar da mai a galan kuma ba su san Allah ba. Don haka da an zo gangara, kowa sai ya kashe inji, ya bar ƙasa ta ja shi. Ilisha shi ne sarkin wannan. Daga Ikara zuwa Makarfi, daga Makarfi zuwa Hunkuyi, babu gangarar da bai san ta ba. Hannunsa ya saba har ba ya neman izininsa. Haka ma a jirgi, da zarar ya hango titin sauka ya karkata hanci ƙasa, sai yatsa ya kai ga maɓallin kashe inji. Jirgi ya yi shiru, ya yi layi, wani abu ya yi ƙara kamar usur, hanci ya nutse, gilashi ya tsattsage.

Ya zargi faifai. Ya zargi wuta. Ya zargi Baturen da ya haɗa wasan, ya ce mugu ne, bai sa sauka a ciki ba. Yatsansa ne kawai bai taɓa zargi ba. Idan 'yan kallo suka taru, sai ya tashi jirgi ya yi ta yawo da su a sama, ya san ba za a daɗe ba a ɗauke wuta. Da an ɗauke sai ya tafa hannu. "Kash! Yanzu nake shirin sauka."

Veronica takan ce, "Ranar da wutar nan za ta ƙi tafiya, ina so ina gida."

Ilisha yana da wani kaka a Gubuchi, Malam Tanko, ƙanen kakansa ne uwa ɗaya uba ɗaya. Shi Musulmi ne, manomin rake, mai yin mazarƙwaila. Tsakaninsu wasan jika da kaka ne, ba a haɗuwa sai an tsokani juna. A shekarar nan, bayan dogon jira, Malam Tanko ya sami kujerar Makka. Gari ya yi murna, shi kuwa ya daina cin abinci. Tun yana saurayi ya taɓa faɗowa daga saman lodin rake, ƙugunsa bai manta ba. Ya ce shi hawa ba ya ba shi tsoro, amma abin da ya kai sama can, wa ya tabbatar masa da saukowarsa? Da tafiya ta matso sai ya yanke shawara: zai je ya mayar da kujerar.

Matarsa Lantana ce ta hau mota ta zo Ikara. Ta iske Ilisha yana wanke babur.

"Sannu da aiki, maigida," ta ce, irin kiran da kaka take wa jika.

"Amarya da kanki? Tsohon ya sake ki ne kika dawo wurina?"

"Rufa mini asiri. Tsohon naka zai mayar da kujerarsa ranar Litinin. Shekara da shekaru yana tsaye a bakin wutar mazarƙwaila saboda tafiyar nan, yanzu tsoro zai raba shi da ita. An ce kana da jirgi a ɗaka. Ka ɗauko shi ka nuna masa yadda ake sauka lafiya, ko hankalinsa ya kwanta."

Veronica tana bakin murhu, sai tari ya sarƙe ta.

"Sauka?" in ji Ilisha. "Ai sauka ita ce mafi sauƙi."

Ranar Asabar da hantsi ya ɗauko su daga Gubuchi. A kowace gangara ya kashe inji, tsoho yana ƙanƙame da shi yana salati. Suka iske wuta ta zo, cikakkiya, ƙwan fitila fari tas. Ilisha ya dube ta kamar mai duban maƙiyi. Aka jawo benci, Malam Tanko ya zauna a bayansa daidai yadda yake zama a babur, Lantana da Veronica suka tsaya a bakin ƙofa.

"To tsoho, ɗaura ɗamara. Daga nan sai Jidda."

Jirgi ya ruga a titi, ya ɗaga, abubuwan ƙasa suka koma ƙanana. Malam Tanko ya riƙe bakin benci. Can ya saki hannu ɗaya ya nuna gilashi.

"Wancan shuɗin fa?"

"Teku ke nan."

"Wancan koren kuma?"

"Jidda."

"Jiddar ce kore shar haka? An ce mini rairayi ne."

"Damina ce, Kaka. Kai komai sai ka yi musu?"

Ilisha ya zagaya Jidda. Ya sake zagayawa. Yana satar kallon ƙwan fitila, yana addu'a a zuci, wuta kuwa ta kafe kamar an biya ta. Abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kafa turakun lantarki a unguwar.

Veronica ta ce, "Kyaftin, alhazai sun gaji. A sauke su mana."

Babu mafita. Ya karkata hanci, yatsa ya yi aikinsa, inji ya yi tsit. Jirgi ya yi layi, usur ya yi ƙara, ƙasa ta taso da gudu. Gilashi ya tsattsage.

Malam Tanko ya laluba takalminsa.

"Alhamdu lillahi, na gani da idona. Lantana, mu tafi."

"Tsaya, Kaka! Wannan ai na nuna maka yadda ba a yi ne."

"Ka nuna da kyau, ɗan nema."

Lantana ta cika ƙofa da jikinta. "Malam, ba inda za ka. Ko tuwo ba a yanke masa hukunci da malmalar farko. Maigida, sake."

Gumi ya jiƙa wa Ilisha riga. Wannan karon ba kunyarsa kaɗai ba ce. Ya dubi tsohon, ya tuna hannayen nan da zafin kaskon mazarƙwaila ya ƙona, ya ga in ya sake faɗowa, da shi da kujerar Makka za su faɗo tare. Ya kunna, ya tashi, ya juyo, titi ya bayyana can nesa kamar zare. Malam Tanko ya koma benci don dole, ya sunkuyar da kai, ba ya ma kallon gilashi. Kunne kawai ya kasa. Yatsa ya sake kaiwa, ƙugin inji ya ɗauke.

Tsoho ya zabura. "Me ka yi?"

"Na kashe inji."

"Don me?"

"Gangara ce, Kaka."

"Gangarar ubanka! A sama? Kai, man nan naka ne? Layi ka bi ka saya, ko wurin 'yan bumburutu ka auno?"

Ilisha ya dubi agogon mai a gilashi, allura tana can a cike. Kullum a cike take. Duk sanda ya kunna wasan, tanki fal, ba layi, ba soja da bulala a bakin gidan mai, ba mai cewa ya ƙare. Shi kuwa tun da ya fara yake ta tattalin man da ba wanda ya tambaye shi.

"Tayar da shi!" Malam Tanko ya daka masa duka a kafaɗa. "Tayar da shi, in ya ƙare ni zan saya!"

Ya tayar. Ƙugi ya dawo. Ya ba shi totur kaɗan, sai jirgin da ya fara layi ya daidaita, kamar jakin da aka gyara wa mangala. Usur bai yi kuka ba. Titi ya yi ta faɗi, ya yi ta matsowa a hankali, ba da gudun nan na mugunta ba.

"Hagu, hagu, za ka shiga gonar mutane!"

"Na gani, Kaka, sakar mini riga!"

"Rage kaɗan. Ban ce ka kashe ba!"

Taya ta taɓa ƙasa, jirgi ya yi tsalle, ya sake taɓawa, ya sake tsalle kamar ɗan akuya, ya saki titi ya shiga ciyawa. Ilisha ya danne birki da yatsa biyu. Jirgi ya tsaya. Gilashi lafiya lau.

Lantana ta rangaɗa guɗa. Veronica ta zauna a ƙasa tana dariya har da hawaye. Ilisha ya miƙe, ya gyara wuyan riga.

"Barka da sauka, alhazai. Haka muke yi kullum."

"Kullum?" in ji Veronica.

"Ke, kawo wa baƙi ruwa."

Malam Tanko ya daɗe yana kallon jirgin a tsaye cikin ciyawa. Sannan ya ce, "Su direbobin gaske, su ma suna bin layin mai?"

"Ina! Har inda suke ake kawo musu."

"Kuma an koya musu, ba kamar kai ba?"

"Shekaru suke yi suna koyo."

Tsoho ya gyaɗa kai. "To, in sakarai irinka zai iya sauke shi, ashe abin ba gagara ba ne. Lantana, a ci gaba da ɗinkin jaka."

Yana rufe baki aka ɗauke wuta.

Malam Tanko ya tafi, ya dawo Alhaji, da haƙorin Makka yana walƙiya. Ilisha da Veronica suka je Gubuchi yi masa barka, aka ba Ilisha dabino da wata jar hula mai tsawo, wadda ya ce daga yau ita ce hular kyaftin. Alhaji ya ba da labari a zaure cike da mutane. Ya ce da aka zo sauka ya kasa kunne sosai, ya ji inji bai mutu ba, sai ya gyara zama ya kama tasbihinsa. Wani maniyyaci a gefensa yana ta kyarma, shi ne ma ya dafa shi ya ce kada ya damu, ya san aikin.

"Amma fa ɗan nema, ƙarya ka yi mini. Babu damina a Jidda."

"Rani kuka tarar, Alhaji."

Tun daga nan dokokin Kyaftin suka ƙaru da ɗaya, kuma ita yake fara faɗa wa duk wanda ya zauna gaban kwamfutar: idan za ka sauka, rage totur, kada ka kashe, man na Bature ne. Ranar barkar da yamma ya ɗauko Veronica za su koma Ikara, jar hula a ka. Suna kaiwa gangarar farko bayan Gubuchi, babur ya yi tsit.

"Kyaftin," ta ce, "ka kashe inji."

"Wannan man ai nawa ne," in ji shi.