Farin Garin da Matata Ta Tankaɗe a Lambu

Ni ne na yi laifi, kuma ba na rashin sani ba. Na sani sarai, na yi shiru.

Muna da ɗan lambu a bayan gidanmu a Kwoi, alayyafo da yakuwa da tumatir. Gonar citta tawa ce, lambun na matata ne. Tana da ciwon asma tun tana budurwa, shi ya sa ta hana a shigo mata da maganin feshi. A shekarar nan ƙwari suka far wa ganyen, suka huhhuda shi.

Wani ɗan zumuntar maza na majami'armu, mai sayar da kayan gona a Kafanchan, ya kawo mana wani farin gari. Ya ce ba guba ba ne, ƙasa ce mai kaifin da ido ba ya gani, tana kankare jikin ƙwaro har ya bushe. Ya dangwala ya lasa, muka yi dariya. Da na saya, ya ja ni gefe ya ce, "Ɗan'uwa, a ɗaure hanci da baki kafin a zuba. Huhu ba ya son shi."

Na san matata. In na ambaci ɗaure hanci, za ta ce ashe guba ce, ta watsar. Ni kuwa na riga na cika baki cewa na samo maganin ƙwarin. Sai na ce mata, "Mama, ƙasa ce kawai. A gabana aka lasa."

Ta ce, "To, tunda kai ka faɗa."

Ta ɗauko tsohuwar rariyarta, tana tankaɗe garin a kan ganye yadda take tankaɗen garin tuwo, a sunkuye, tana rera waƙa. Garin ba shi da nauyi, yana tashi kamar hayaƙi. Har gashin girarta ya yi fari. Ta ɗago tana dariya ta ce, "Dubi, na tsufa kafin kai." Na tayar da babur na tafi gona.

Da na dawo, tari ya fara mata, idanunta suka yi ja, ƙirjinta yana ƙara kamar fito. Ita ce ke jan waƙa a zumuntar mata, kuma ta daɗe tana shirin Lahadin godiyar kaka. Ranar ta tsaya gaban ikilisiya, ta ɗauki baitin farko, numfashi ya yanke. Daga nan sai asibiti. Nas ta ce mai asma bai kamata ko kusa da ƙurar nan ya tsaya ba, mai lafiya ma sai ya rufe hanci da ido, ya zuba ƙasa-ƙasa lokacin da babu iska.

Bayan an sallame ta, mai kayan gonan ya zo gaisuwa. Yana zama ya ce, "Sannu, Mama. Ai na gaya wa maigida a ɗaure hanci. Kin manta ne?"

Ta dube ni. Sannan ta raka baƙon da godiya.

Da ta dawo na fara kame-kame, wai shi ya ruɗe mu da lasar da ya yi. Ta ce, "Shi ya gaya maka. Ni wa ya gaya mini?"

Ba ta yi faɗa ba. Tana dafa abinci, tana amsa gaisuwata. Amma an ba wata jan waƙa, ita tana zaune a baya. Kuma ko ce mata na yi an ɗaga taron majami'a, sai ta tambayi maƙwabciya.

Wata safiya na same ta tana ba tumatir ruwa. Na durƙusa a cikin laka na ce, "Mama, ban manta ba. Ɓoyewa na yi don kada ki ƙi. Kin yarda da ni, na bar ki kika shaƙa ina kallo. Ban ce ki yarda da ni yau ba. Ki gafarta mini."