Dattijo Mai Rage Baƙin Mai

A wani gidan mai da ke Bani Malik, a ƙasar Saudiyya, Jabiru yana jiran a cika masa tanki, idonsa na kan wani dattijo da ke tsugune bayan akori-kura. A samanta an ɗaure tsohuwar ƙaramar motar tsere, irin wadda sai an gauraya mata fetur da baƙin mai.

Dattijon dogo ne, jallabiyarsa fara tas, amma tabon ƙuna ya cinye hannunsa na dama, yatsu biyu sun manne. Jabiru yana ayyanawa, wataƙila shekaru ya yi yana gyara wa 'ya'yan kafilinsa, ubangidan da ke riƙe da takardunsa, wannan abin wasa.

Mutumin yana auna baƙin man a kofi, yana ɗaga shi ga rana. Sai ya mayar da rabi cikin kwalba, ya juye sauran a jarka.

Da Jabiru ya ji yana gunaguni da Hausa, sai ya matsa ya ce, "Baba, man ya yi kaɗan. Injin zai ƙame ana tsaka da gudu."

Dattijon ya rufe jarkar, bai ko ɗago ba.

"Na sani, ɗana. Halas, ba ni zan tuƙa ba."