Kunnen Iya Abu

Wata Alhamis ce a tsakiyar damina, shekarar da na shiga aji biyar na firamare. An ɗauke ruwa ke nan bayan la'asar, indararo na ta ɗiga cikin baho, ni kuma ina tsugune a bakin rariya ina kankare tukunyar tuwo, sai ga sallamar Ladidi, wata matar unguwarmu. Ta shigo gidanmu na Unguwar Kanawa da goyo a baya, silifas ɗinta duk taɓo, ta damƙe wani ƙullin tsumma a ƙirji da hannu biyu. Ba ta daɗe da fita takaba ba. Mijinta direban babbar mota ne, ya rasu a hatsari a hanyar Kudu, ya bar ta da yaro mai ciwon sikila. A tsaye ta gaida mahaifiyata, ta wuce ƙofar ɗakin kakata ta durƙusa.

Kakar tawa ita ta haifi babanmu, Iya Abu ake ce mata. Babanmu ma'aikacin gwamnati ne, kullum da safe yakan goge takalmi ya tafi ofis, kuma ya sha roƙonta ta huta, ta ƙi. Sana'arta sayen tsofaffin kuɗin azurfa a hannun mutane: sulallan zamanin Turawa na farko, da liyari, babban kuɗin nan mai nauyi mai hoton wata mata mai cikar fuska. Tuni aka daina ciniki da su, amma mata na ajiye su a ƙasan akwati, wasu na gado ne, wasu na aure. In ta matsa wa mace, sai ta kwance ta kawo wa Iya. Ita kuma ta kai wa maƙeran fari su narke su yi zobe da awarwaro, masu kyan kuma ta sayar wa matan Fulani su yi ado da su a kitso. Daga Hayin Banki har Kawo an san ba ta tauye mai sayarwa, kuma ba a taɓa jin jabu ya wuce ta hannunta ba.

A ɗakinta nake kwana tun ina ƙarama. Da asuba ni ke zuba mata ruwa a buta, in share tsakar gida, in bi layin famfo da bokiti kafin ƙahon barikin soja ya busa, sannan in ruga makaranta don kada bulalar makara ta same ni. In an tashi tara mu yi 'yar gala-gala a gindin mangwaro, mu sayi rake da ƙuli-ƙuli ta kan katanga. Da yamma akwai kai niƙa, da cire ciyawa a ɗan lambun masara da kuɓewa da ke bayan gida, da carafke a zaure in an samu sarari. Amma duk inda nake a gidan, ƙarar azurfa na iske ni. Iya na da wani faffaɗan dutse mai santsi a bakin ƙofarta, a kansa take sakin kuɗi, kuma na tashi da wannan amo a kunnena kamar yadda na tashi da kiran salla.

Ba ta gaggawa in an kawo mata kaya. Takan fara juya kuɗin a haske ta duba gefensa, domin na jabu zuba shi ake yi a mazubi, sai ya bar wani siririn layi inda fuskokin biyu suka haɗu, rubutun kuma ya fito a dushe. Sai ta kusanto da mayen ƙarfen da ta ciro daga tsohuwar rediyo. In ya kama, magana ta ƙare. Sai ta ɗora a ɗan sikelinta, nata liyarin da ta amince da shi a ɗaya ɓangaren. Na ƙarshe shi ne dutse. Azurfa ta gaskiya in ta faɗi takan yi kuka siriri mai tsawo, ya daɗe yana yawo a ɗaki kafin ya mutu. Wanda aka haɗa da dalma kuwa ƙas yake yi, ya yi shiru. "Ido ana ruɗa shi, sikeli ma ana yi masa dabara," takan ce, "amma azurfa ba ta iya ɓoye muryarta."

Ran nan Ladidi ta kwance ƙullinta, liyarai suka zubo kan tabarma suna walƙiya. Ta ce marigayi ne ya saye su a hannun wani mutum a tasha, ya ba ta ajiya saboda rana irin wannan. Yaron ya kwana biyu ba ya cin komai, idonsa ya yi fari, an ce a kai shi asibiti a ƙara masa jini. Iya ta duba gefe, ba ta ga layi ba. Mayen ƙarfe bai kama ba. Sikeli ya tsaya daidai. Ta shiga sakin su a dutse ɗaya bayan ɗaya tana gyaɗa kai, tana turawa gefen waɗanda ta karɓa. Ni kuwa na kawo wa baƙuwa ruwa, ina tsaye da kwano a hannu, ina jin yawancinsu na faɗuwa ƙas, ƙas, kamar marfin kwalba. Na ɗauka Iya za ta tsaya. Da na ga ta kai hannu ga lalitarta za ta biya, sai maganar ta fito mini.

"Iya, waɗannan ba su yi kuka ba."

Daga bakin murhu mahaifiyata ta kira sunana da muryar da na san ma'anarta. Iya ta ɗaga mata hannu. Ta ɗauki nata liyarin ta saki, ta ɗauki na Ladidi ta saki, amma wannan karon ba dutsen take kallo ba, fuskata take kallo.

"Bilki, wanne ya fi daɗewa?"

"Naki, Iya."

Sai ta jawo magagari daga cikin kwandonta ta goga a gefen kuɗin, farin ya tashi kamar ɓawo, wani ƙarfe mai duhu ya bayyana a ƙasa. Ladidi ta kalli wurin, ta kalli Iya. Ba ta yi kuka mai sauti ba, hawaye kawai ke zuba kan zanenta. Iya ta kama hannunta ta ce, "'Yata, mijinki bai cuce ki ba, shi aka cuta. Da zuciya ɗaya ya saya miki."

Ta zaunar da ni kusa da ita, muka sake bin su daga farko, tana saki ina faɗa. 'Yan kaɗan ne suka yi kuka, ta saye su da daraja. Ta sa mayafi ta zaga gidajen matan da suke adashi tare, suka yarda a ba Ladidi ɗaukar wannan makon, babanmu kuma da ya dawo ya kai su asibiti kafin magariba. Daga baya yaron ya samu sauƙi. Na jabun kuwa, tun kafin su tafi Iya ta ce za ta kai wa maƙeri ya daddatsa su don kada su sake shiga hannun wani. Ladidi ta roƙi a bar mata ɗaya, ta ce hannun marigayi ya taɓa shi. Iya ta ja masa tsaga mai zurfi a fuska, yadda ko yaro zai gane, sannan ta miƙa mata.

Bayan sallar magariba ta kira ni ɗaki. Ta ba ni liyarinta, ta juya mini baya, ta ce in saki a dutse. Na saki, kukan ya cika ɗakin. Ba ta motsa ba. Can ta ce, "Ina jira." Na ce na saki. Ta ce in sake. Na sake, har ya gama kukansa ya kwanta. Sannan ta ce, "To, Allah ya karɓi abinsa." Faɗuwar take ji sama-sama, amma siririn amon da ta dogara da shi tun tana amarya ya bar kunnenta, ba ta san ranar da ya tafi ba. Abin da ya fi damunta, kamar yadda na ji tana gaya wa babanmu, shi ne ko ta riga ta miƙa wa wani jabu da hannunta. Washegari ta bi maƙeran da matan da suka saya a wurinta cikin watannin nan, ta ce kowa ya gwada nasa, in ya samu matsala ya dawo mata da shi.

Daga nan ba ta ƙara saye sai ina gida. Mata kan zo da hantsi, ta ce su jira a taso daga makaranta. Babanmu ya sayo mata na'urar ji, ta sa kwana kaɗan ta cire, ta ce komai ya koma mata ƙarar gwangwani. Da na ci jarrabawa aka kai ni makarantar kwana, sai ta naɗe sikelinta ta ba wani maƙeri kyauta. Ina kwaleji ta rasu.

Yanzu ina koyarwa, ina zaune a Unguwar Dosa, gaban gidanmu na da kuma an mai da shi shaguna. Har yau ana cinikin tsofaffin kuɗin azurfa, sai dai ta waya: a turo hoto, a tura kuɗi, ɗan acaɓa ya kawo kaya a leda. Kwanan baya wata abokiyar aikina ta saya wa 'yarta na biki, maƙeri ya ce mata gaci ne aka shafa wa fari, ta kira lambar mai sayarwar ta ji a kashe. Ba ta san fuskarsa ba, ba ta san ko shi ma cutarsa aka yi ba. Ta ba ni labarin a tsaye a ƙofar aji, aka buga ƙararrawa, kowa ta shiga darasinta. Jabu dai akwai shi tun zamaninmu. Abin da na daina gani shi ne tabarmar da ake zama a kai bayan an gano shi.