Baba Yana Duban Takalma

Jiya malaminmu na ajin manya ya tambayi ma'anar juyin juya hali, sai na tuna Baba, tsoho ɗan Maraɗi mai gyaran takalma a unguwar Shumaisi, can ƙasar da muka yi ci-rani.

Lokacin zanga-zangar Masar, a shagonsa mai warin fata da gam muke kallon talabijin, tare da wani Bamasare wanda ɗansa ke can cikin taron, wayar yaron kuma a kashe. Mu muna kallon tutoci, Baba yana duban takalman da masu gudu suka zubar.

Ya ce wa Bamasaren, "Ya akhi, ɗan'uwana, sha shayinka. Na yaronka ni na ɗinke su, ba sa cikin waɗannan."

Ko ya gani da gaske, oho. Da la'asar yaron ya kira.

Allah ya jiƙan Baba, ya sanyaya masa ƙasar maƙabartar Al-Oud.